“Me ya fitar da shi a wannan lokacin?”

Ranar Lahadin da ta wuce na je duba Baffana, ƙanin mahaifina, kwana biyu da sallamo shi daga asibiti. Tsohon malamin firamare ne, ya haura saba'in. Yana zaune a wata unguwa cikin garin Gombe da ba sai na faɗi sunanta ba, don abin da ya same shi zai iya samun wani a Bolari, ko Pantami, ko Jekadafari, ko Tudun Wada.

Sallar asuba ya fito, kamar yadda ya saba fiye da shekara arba'in. Daga ƙofar gidansa zuwa masallaci bai kai tafiyar minti biyar ba, ko da tafiyar tsufa. Yara biyu suka sha gabansa a lungu suka ce ya kawo waya. Kunnensa ya yi nauyi, sai ya ce, “Na'am?” Wannan na'am ɗin suka ɗauka gardama ce. Ɗaya ya kawo masa sara ya kare da hannu, ɗayan ya hankaɗa shi cikin kwata. Suka laluba aljihu, suka tafi da 'yar ƙaramar waya mai tocila da naira ɗari bakwai. An yi masa ɗinki a hannu, ƙashin ƙugu kuma ya tsage.

Wannan ya ƙona mini rai, amma abin da na ji a zaure ne ya hana ni barci. 'Yan dubiya suna shigowa, a yi jaje, a ce Allah ya tsare gaba, sai wani ya rage murya ya ce, “To amma shi ma me ya fitar da shi a wannan lokacin?” Wani ya karɓe, “Ai zamanin nan tsoho sai ya riƙa sallarsa a gida.” Daga cikin gida kuma na jiyo wata goggonmu tana yi wa 'ya'yansa faɗa, wai don me suka bar masa waya. Mutum biyar na ƙirga da suka yi irin wannan magana. Ban ji ko ɗaya da ya tambayi 'ya'yan waye suka yi wannan aika-aika ba.

An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ga inda na tsaya. Shawarar “a zauna a gida” da muke ba tsofaffinmu guje wa nauyi ce. Tsaron dattijo a kan titi yana wuyan masu ƙafa da ido da murya, wato mu, sannan yana wuyan hukuma. Kuma a mafi yawan unguwanninmu an san yaran da ke wannan ta'asa, an san gidajensu, an san inda suke zama su sha abin da suke sha. Shirunmu ne yake ba su hanya.

Abin da aka ƙwace ya wuce waya

Matashi in aka ƙwace masa waya zai yi baƙin ciki mako guda, ya shiga adashi ko ya ci bashi ya sayi wata. In an yanke shi, naman jikinsa yana haɗewa da wuri. Tsoho kuwa faɗuwa ɗaya kan canza masa sauran rayuwa. Ƙashinsa ya yi rauni, ga hawan jini, wani ga ciwon suga da ke hana rauni warkewa. Duk wanda ya taɓa jinyar dattijon da ya karye a ƙugu ya san sau da yawa kwanciyar ce ke ƙarasa shi. Ya kwanta wata uku, jiki ya saki, gyambon kwanciya ya fito, ƙirji ya kama.

Akwai kuma abin da likita ba ya ɗinkewa. Baffa shi ke buɗe masallacin unguwarsu, mabuɗin yana hannunsa tun kafin in yi wayo. Bayan asuba sukan zauna su huɗu ko biyar a kan tabarma har rana ta fito, a yi hirar gona, a ji wanda ba shi da lafiya, a ji inda za a ɗaura aure ranar Asabar. Daga nan ya bi ta wajen mai ƙosai ya saya wa jikoki. Duniyarsa ke nan gaba ɗaya tun da ya ajiye alli. Wanda ya ce masa ya zauna a gida, ya ƙarasa aikin da yaran nan suka fara ne. Su sun ɗauki waya, shi ya ɗauke masa jam'i da abokai da dalilin sanya riga da safe.

Da na zauna kusa da shi na lura da wani abu. Ko babur ya wuce ta ƙofar gida sai ya ɗan zabura. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya ajin yara sittin ke yin tsit. Ya ce da ni, “Ɗana, ba saran ne ya dame ni ba. Wanda ya sare ni bai kai jikana na fari ba, kuma da ya ɗaga addar bai ko yi shakka ba.”

Ba tsautsayi ba ne, zaɓe suke yi

Mun iya cewa “tsautsayi ne” a kan komai. Ƙaddara gaskiya ce, amma yaran nan lissafi suke yi. Tsoho ba ya gudu, ba ya bin sawu, ihunsa ba ya nisa. Idonsa ba zai shaida fuska a duhu ba, in ma ya shaida, kunya da kawaici za su hana shi faɗa. Lokutansa kuma a ƙayyade suke kamar agogo: asuba, magariba, isha'i, hanya ɗaya, lungu ɗaya.

Sai ƙarshen wata. Kowa ya san lokacin da fansho ke shiga. Tun rikicin canjin kuɗi na farkon 2023, da mutane suka riƙa kwana a layin banki, cire kuɗi ya koma rumfunan masu POS a bakin titi. Je ka tsaya kusa da ɗaya a wajen Tashar Dukku ko bakin babbar kasuwa ka kalli yadda dattijo yake cire kuɗi. Zai miƙa kati, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi don ba ya ganin madannan, a ƙirga masa kuɗin a bainar jama'a, shi ma ya sake ƙirgawa a hankali, ya ɗaga babbar riga ya cusa a aljihun ciki. Duk wanda ke zaune kan babur a gefe ya gama karanta shi. Haka tsohuwar da ta sayar da akuyarta ko ta kwaso kuɗin adashi ta ƙulle a bakin zani.

Wayar ma da muke rainawa, layin da ke ciki ake nema. Layin ne ke haɗe da asusun banki, kuma yawancin tsofaffi ba su sa masa lambar kulle ba. Wasu ma sun rubuta lambar sirrinsu a 'yar takarda sun cusa bayan batir don kada su manta.

“Ai talauci ne”

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni. Ban musa akwai talauci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, kuma matashin da ya gama sakandare ba aiki ba jari yana cikin haɗari. Amma yaron da ke tura baro a Tudun Hatsi daga safe zuwa yamma shi ma talaka ne. Mai tura kurar ruwa talaka ne. Almajirin da ke wankin hula talaka ne. Ba su sari kowa ba. Baffa kansa, da fanshon malamin firamare, ya fi waɗanda suka sare shi sanin talauci.

Yunwa kan sa a ɗauki abin wani a gudu. Ɗaga adda a kan mai furfura saboda ya ce “na'am” wani abu ne daban, kuma sunansa ƙwaya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su a ƙasar nan. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. An hana kodin, tiramol da sauran 'yan'uwansa suka ci gaba da yawo. A unguwarku wa ke sayarwa? Ka sani, ni ma na san na tamu.

Da ɗan gari akan ci gari

A nan ne maganar take yi mini nauyi, don har da ni a ciki.

Baƙo ba zai san wane lungu ne ba shi da fitila ba, ba zai san wane dattijo ne ke fara fitowa da mabuɗi ba, ba zai san ta wane kwari ake sulalewa a ɓulla wata unguwa ba. Gombe gari ne mai kwaruruka, zaizayar ƙasa ta tsaga unguwanni da dama, kuma wanda ya tashi a wurin ne kaɗai ya san hanyoyin cikinsu da dare. Kwana biyu da faruwar abin Baffa, yaran majalisar bakin titi sun riga sun san sunayen da ake zargi. Aka yi ta raɗa. Da aka ce wa zai je ya faɗa wa hukuma, sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko tsoro: ka kai ƙara yau, jibi ka ga yaron ya dawo yana kallon ƙofar gidanka. Na biyu kunya: ubansa sahu ɗaya kuke sallah, uwarsa ƙawar matarka ce, tare aka yi bikin wance. Na uku shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato tawagar ban-haƙuri. Da an kama yaro, kafin la'asar dattawa uku sun iso gidan wanda aka sara, da goro da “a rufa asiri”, da “yaro ne, sharrin shaiɗan ne”, da “za mu biya kuɗin magani”. Tsohon da ke kwance da ɗinki, wanda aka tarbiyyantar a kan kada ya watsa wa babba ƙasa a ido, sai ya ce ya yafe. A je a janye ƙara.

A dokar ƙasar nan, fashi da makami laifi ne da hukuncinsa ya kai kisa, kuma belinsa ba na teburin ɗan sanda ba ne, sai babbar kotu. To ta yaya yaron da ya ɗaga adda yake dawowa gida kafin wanda ya sara ya bar gadon asibiti? Ta hanyar da muka sani: ba mai shaida, mai ƙara ya janye, laifin ya koma “faɗa” ko “sata” a takarda. Muna zagin 'yan sanda a kan wannan, kuma wani lokaci sun cancanci zagin, amma sau nawa mu ne muka je da kanmu muka roƙa a sassauta?

Iyaye sukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ji wannan, ni ma uba ne. Sai dai Manzon Allah (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yaya za a taimaki azzalumi, ya ce a hana shi zaluncin. Uban da ya ga ɗansa da waya uku alhali ba ya sana'ar komai, ya ga adda a ƙarƙashin katifa, ya kawar da kai, bai taimake shi ba. Yana tanadar masa ranar da zai gamu da wanda ya fi shi ne, ko ranar da jama'a za su rufar masa.

Su kuma 'yan majalisa, hadisin zama a bakin hanya kamar don su aka yi shi. Da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna, sai aka ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Mu mun riƙe zaman da shayin, mun bar sauran. Majalisar da za ta iya raba dare tana musun ƙwallon Ingila, za ta iya fitar da mutum biyu su tsaya a bakin lungu daga kiran assalatu zuwa a idar da sallah.

Wanda ya haifi abin

Ba yau aka fara ba. Duk ɗan Gombe ya san sunan Kalare, kamar yadda ɗan Bauchi ya san Sara-Suka. Tun wajen zaɓen 2003 'yan siyasa suka gano amfanin matashi mai gora da adda, har ƙungiyar Human Rights Watch ta saka Gombe cikin jihohin da ta yi nazari a rahotonta na 2007 kan bangar siyasa. Gwamnatoci sun gwada hanyoyi: a zamanin Ɗankwambo an ɗebi wasu an horar da su an ba su kaki, gwamnatin Inuwa Yahaya ta haramta harkar, daga baya ta kafa GOSTEC, rundunar jiha mai kula da tsaro da zirga-zirga da muhalli. An samu sauƙi a wasu lokuta, ban hana ba.

Amma yaron da aka koya wa cewa ƙarfe ne ke kawo kuɗi, in kamfe ya ƙare aka daina ba shi na shan ruwa, addar ba ta komawa wurin maƙeri. Ƙanensa da ya taso yana kallo shi ma ya koya. Ga 2027 na ƙaratowa. Duk ɗan takarar da ya shigo unguwarku da ayarin yara masu makami a bayan motarsa, ku dubi yaran da kyau, don su ne za su rage muku bayan an rantsar da shi.

“A kama su a gama da su kawai”

Wani ɗan Baffa ya faɗi haka a zaure, idonsa jawur, kuma na fahimci zafin. Ban yarda ba. Taron da ya fusata ba ya bincike. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bisa zargi kawai, muka yi kuka muka ce a bi musu haƙƙi. Ba zai yiwu mu la'anci wancan mu kuma halatta irinsa a ƙofar gidanmu ba. Ihun “ɓarawo” ɗaya ya isa a hallaka ɗan acaɓan da bai san hawa ba bai san sauka ba. A kama, a ɗaure hannu, a miƙa, sannan a yi abin da ya fi wuya: a je kotu a tsaya a ba da shaida, mutum biyar ko goma tare, yadda ba wanda za a ware a yi wa barazana.

Rabon hukuma

A 2025 an taƙaita hawan babur da dare a Gombe saboda ƙwacen waya. Na ga dalilin, amma waɗanda suka sari Baffa a ƙafa suka zo. Manyan titunanmu sun samu fitilun sola, gari ya yi kyau, sai dai tsoho ba a kan babban titi yake tafiya masallaci ba. Lungu ne ke buƙatar haske. Fitila ɗaya a kowace kusurwa ba ta fi ƙarfin kansila ko ƙungiyar unguwa ba, mun sha yin karo-karon da ya fi wannan don gyaran taransifoma.

Sintiri kuma a daidaita shi da lokacin da abin ke faruwa. Motar da ke tsaye a shataletale da hantsi ba ta tsare wanda ke fita ƙarfe biyar saura. 'Yan sintirin unguwa da mafarauta suna ƙoƙari, yawanci da tocila da sanda da ɗan abin da aka tara musu, amma su ma da yawa sukan tashi daga aiki daidai lokacin da masu asuba ke fitowa. Mai unguwa da limami za su iya gyara wannan a zama ɗaya.

Sai asibiti. Wurin farko da aka kai Baffa jini na zuba, an tsaya tambayar takardar 'yan sanda. Ya kamata kowa ya sani, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta karɓar ko wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba. A fara tsayar da jini, takarda ta biyo baya.

To shi dattijon ba abin da zai yi?

Akwai, kuma ban ce a yi sakaci ba. In an tare ka, Baba, miƙa. Kada ka riƙe jaka, kada ka tsaya wa'azi, kada ka ce “na gane ka, ɗan wane ne”, don wannan kalmar ta sa an illata mutane da yawa. Wani zai kawo hadisin wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Hadisin ingantacce ne, amma bai wajabta wa ɗan shekara saba'in kokawa da mai adda a kan waya ba.

Sauran kuwa aikinmu ne mu 'ya'ya. Mu sa wa layinsu lambar kulle. Mu rubuta lambar da ake dannawa a rufe asusun bankinsu mu ajiye a gida, yadda ko da wayar maƙwabci za a rufe cikin minti biyu. Ranar fansho wani ya raka su, ko a cire kaɗan-kaɗan a wurin mai POS ɗin da aka sani. In Goggo za ta je biki Kumo ko Dukku, a kai ta tasha a ga tashin motar, a daina tsayar mata da Keke Napep ɗin da ba a san mai shi ba a juya. Lambar 112 kyauta ce, a koya musu.

Duba jerin nan da kyau, kusan kowane ɗaya yana buƙatar wani mai ƙuruciya ya tashi daga inda yake zaune. Shi ya sa “a zauna a gida” ta fi mana daɗin faɗa, ita ce kaɗai ba ta cin mana komai.

Na yi magana da limamin masallacin su Baffa da matasa huɗu na layin. Mun yi da su za a riƙa bi ana ƙwanƙwasa wa dattawa biyar ƙofa a fito tare, an kuma fara karo-karon fitila biyu. Maganar zuwa ba da shaida ce har yanzu ake ta jan ƙafa, mutum biyu kawai suka ce za su je, ɗayan ma ya ce sai ya shawarci mahaifinsa.

Mabuɗin masallacin yana hannun ladan yanzu. Baffa ya aika a gaya masa aro ne, yana nan zuwa karɓar abinsa da zarar ƙafa ta taka.